Yadda Ake Haɗa Ƙwayayen LED Da Yawa A Kan Allon Gwaji

Gabatarwa

Da wuya a yau mutum ya ratsa kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ko ta Yamai, bai ci karo da ƙwan LED ba. Yana cikin tocila, yana goshin rediyo, yana jikin fitilun da ke aiki da hasken rana. Ƙwai ne ƙarami mai ƙafa biyu, ba ya cin wuta da yawa, kuma idan an haɗa shi daidai yakan yi shekaru yana aiki. Idan kuwa an haɗa shi da ka, kafin ƙiftawar ido ya ƙone.

An shirya wannan bayani ne domin malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci, da masu koyar da sana'a, da matasa masu sha'awar gyaran rediyo da tocila, waɗanda ke son kunna ƙwai uku, ko shida, ko goma sha biyu a lokaci guda ba tare da asarar kaya ba. Ƙa'idar aikin guda ce, ku riƙe ta tun daga nan: kowace hanyar da wuta za ta bi ta ratsa LED, dole a sa mata rezistans nata.

Mene ne LED?

Ƙwan fitila irin na da yana da siririyar waya a ciki, wadda ke yin zafi har ta ba da haske. LED ba haka yake ba. Ɗan mitsitsin sinadari ne da ke fitar da haske idan wuta ta ratsa shi, kuma ta fuska ɗaya kawai yake barin ta ta wuce. A shekarar 1962 ne wani injiniya mai suna Nick Holonyak ya ƙera LED mai jan haske a kamfanin General Electric da ke Amurka. Shuɗi bai samu da kyau ba sai a farkon shekarun 1990, a hannun wasu masana uku ƴan asalin Japan, wato Isamu Akasaki, da Hiroshi Amano, da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014. Farin LED ɗin da ke cikin tocilarku shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari rawaya, shi ya sa fari da shuɗi suke buƙatar ƙarfin wuta iri ɗaya.

Ƙafafun LED ba tsawonsu ɗaya ba. Doguwar ƙafa ita ke fuskantar ɓangaren ƙari na pil, mai alamar +. Gajeruwar tana fuskantar ɓangaren ragi, mai alamar −. Idan an riga an datse ƙafafun, ku duba gindin ƙwan: gefen da aka shafe, wanda bai zagaye ba, shi ne na ragi.

Kayan da za ku tanada

- Allon gwaji ɗaya. Masu sayarwa sun fi saninsa da sunansa na Faransanci, plaque d'essai.
- Ƙwayayen LED masu faɗin milimita 5: ja, da rawaya, da fari.
- Rezistans masu ƙarfin kwatan wat: na om 220, da 270, da 390, da 470.
- Pil mai bolt 9 tare da maƙalinsa mai waya ja da baƙa.
- Gajerun wayoyi masu sanda guda a ciki. Waya mai gashi-gashi ba ta shiga ramin allo da kyau.
- Mitar awon wuta, idan da hali.

Ba dole sai an sayi kome sabo ba. Tsohuwar rediyo da matacciyar tocila suna ɗauke da ƙwayaye da rezistans masu lafiya, mai gyaran rediyo na unguwa zai iya ciro muku su.

Ku san allon kafin ku soka kome

Allon gwaji faranti ne na roba mai ramuka, tsakanin rami da rami milimita 2,54. Ƙaraminsa yana da ramuka 400, babban yana da 830. Amfaninsa shi ne ana haɗa kaya a kansa ba tare da dalma ba, a cire, a sake, har a gane daidai. A ƙarƙashin ramukan akwai ƴan ƙarafa da ke haɗa wasu da wasu, kuma sai kun san wannan ɓoyayyen haɗi aiki zai yi kyau.

A tsakiyar allon akwai kwari da ya raba shi biyu. Layuka suna da lambobi 1, 2, 3 zuwa ƙasa, ramukan kowane layi kuma suna da haruffa: a, b, c, d, e a hagun kwarin, sannan f, g, h, i, j a dama. Ramuka biyar na a zuwa e da ke layi ɗaya a haɗe suke, haka ma f zuwa j. Amma kwarin ya raba su, e da f ba sa haɗuwa. Layi na 10 kuma ba ya haɗuwa da na 11.

A gefen allon akwai dogayen layuka biyu, ɗaya da jan zane, ɗaya da shuɗi. Su ne manyan hanyoyin wuta: ja na ƙari, shuɗi na ragi. Ku lura, a wasu manyan alluna waɗannan layuka a yanke suke a tsakiya, sai an ɗinke su da ƴar waya.

Me ya sa sai da rezistans?

Ku ɗauki misalin ruwan shato. Tsawon shato shi ke ba ruwa ƙarfin turawa; a wajen wuta wannan ƙarfi shi ake awo da bolt. Yawan ruwan da ke gudu a cikin tiyo shi ne kwatankwacin kwararar wuta, ana awonta da amper, ƙaramar kwarara kuma da miliamper, wato kashi ɗaya cikin dubu na amper. Rezistans kamar wurin da aka matse tiyo ne don ruwa ya ragu. Om ne ma'auninsa.

LED ba ya iya tsare kansa. Kowane launi yana da nasa bolt da yake ci kafin ya kama: ja da rawaya wajen bolt 2, fari da shuɗi wajen bolt 3,2. Da zarar an wuce wannan iyaka, ko da kaɗan ne, wuta takan kwararo babu birki. Ƙwai mai milimita 5 bai kamata ya ɗauki fiye da miliamper 20 ba, kuma 10 zuwa 15 sun isa ya yi haske sosai. Rezistans ne ke shanye bolt ɗin da ya yi saura, ya tsayar da kwarara inda ake so.

Wani zai ce ya taɓa ganin an manna LED a jikin ɗan pil mai kama da kwabo, mai bolt 3, ya kama ba tare da rezistans ba. Gaskiya ne, amma wannan pil ɗin ba shi da ƙarfin tura wuta mai yawa, cikinsa ne ke yin aikin rezistans. Pil mai bolt 9 ko batirin mota ba sa yin wannan sassauci.

Lissafin rezistans

Dokar da ake bi wani malamin makaranta Bajamushe ne, Georg Ohm, ya bayyana ta a 1827. Matakinta uku ne:

1. Ku ɗebe bolt ɗin da LED ke ci daga bolt ɗin pil.
2. Ku ninka abin da ya saura sau 1000.
3. Ku raba da yawan miliamper da kuke so.

Misali, jan LED a kan pil mai bolt 9: 9 − 2 = 7; 7 × 1000 = 7000; 7000 ÷ 15 = 467. Babu rezistans mai om 467 a kasuwa, sai ku ɗauki wanda ke bi masa daga sama, wato 470. Farin LED a kan wannan pil: 9 − 3,2 = 5,8; 5800 ÷ 15 = 387, sai a ɗauki 390. In kuna shakka tsakanin biyu, ku ɗauki babban. Babban rezistans haske kawai yake ragewa, ƙarami kuwa ƙwai yake kashewa.

Ba a rubuta lamba a jikin rezistans, zobban launi ake zanawa. Baƙi 0 ne, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A rezistans mai zobe huɗu, ku juya zoben zinariya zuwa dama, ku karanta daga hagu. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku yana faɗin yawan sifilin da za a ƙara. Ke nan:

- 220: ja, ja, ruwan ƙasa
- 270: ja, shunayya, ruwan ƙasa
- 390: ruwan lemo, fari, ruwan ƙasa
- 470: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa

Rezistans ba shi da gaba ko baya, ta kowace fuska aka sa shi daidai ne.

Ƙwai na farko

Kada ku maƙala pil sai kun gama haɗi.

1. Ku soka jar wayar maƙali a jan layin gefen hagu, baƙar kuma a shuɗin layi.
2. Ku sa ƙafa ɗaya ta rezistans mai om 470 a jan layi, ɗayar a rami a10.
3. Ku sa doguwar ƙafar jan LED a c10, gajeruwar a c11.
4. Ku ja ƴar waya daga a11 zuwa shuɗin layi.
5. Ku bi hanyar da yatsa: daga ƙari, zuwa rezistans, zuwa doguwar ƙafa, zuwa gajeruwa, zuwa ragi. Idan ta zagayo babu yankewa, ku maƙala pil.

Kada ku wuce gaba sai wannan ƙwai guda ya kama.

Hanya ta farko: haɗin rassa

A wannan haɗi kowane ƙwai yana da reshensa, kamar yadda kowane fangali a lambu yake da ƴar hanyar ruwansa daga babbar kwata. Ku maimaita abin da kuka yi a sama a layi na 15 da 16 da LED rawaya da rezistans 470, sannan a layi na 20 da 21 da farin LED da rezistans 390. Dukansu uku za su kama. Ku zare ɗaya ku gani, sauran biyun ba za su canza ba.

Alfanun haɗin rassa shi ne ana iya gauraya launuka, kuma mutuwar ƙwai ɗaya ba ta shafar saura. Illarsa ita ce cin pil, domin kwararar rassan taruwa take yi: 15 sau uku, miliamper 45 ke nan. Pil mai bolt 9 irin na alkalin yana ɗauke da wajen miliamper 500 na awa guda, saboda haka a lissafi ba zai wuce awa 11 ba.

Kuskuren da ya fi cin kaya: rezistans guda don ƙwayaye da yawa

Mai son tsimi yakan ce, me zai hana a jera ƙwayaye uku kafaɗa da kafaɗa a sa musu rezistans guda? Idan launukan sun bambanta, amsar tana fitowa nan take: jan zai kama, farin ya ƙi, domin jan ya tsayar da ƙarfin wuta a bolt 2, bai bari ya kai 3,2 da farin ke nema ba.

Idan launinsu ɗaya ne, ɓarnar a hankali take zuwa. Ko daga leda ɗaya aka ciro su, babu ƙwai biyu da suke daidai wa daida. Wanda bolt ɗinsa ya fi ƙanƙanta shi zai fi jan wuta. Jan wuta yana sa shi zafi, zafi kuma yana ƙara rage bolt ɗin da yake ci, sai ya ƙara jan wuta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankunanmu, abin ya fi sauri.

Ga lissafin. Don ciyar da jajayen ƙwayaye uku da rezistans guda a bolt 9, sai an sa mai om 150, wanda ke sakin miliamper 47. Idan ɗaya ya mutu, biyun da suka rage za su raba 47, kowanne ya wuce iyakar 20. Idan na biyu ya bi shi, na ukun zai ɗauki 47 shi kaɗai. Rezistans ɗin kansa yana ɗauke da wajen sulusin wat, alhali kwata aka yi shi ya ɗauka, sai ya yi zafi. Irin wannan haɗi yana cikin dalilan da ke sa wasu tocilolin masu araha, masu ƙwayaye da yawa, suke mutuwa ƙwai bayan ƙwai. Kuɗin rezistans biyu da aka tsimi bai kai na ƙwayayen da aka rasa ba.

Hanya ta biyu: jerin gwano

A nan ƙwayaye suna bin juna a hanya guda, wutar da ta ratsa na farko ita ce ke ratsa na biyu da na uku. Tun da hanyar ɗaya ce, rezistans ɗaya ya isa, kuma ƙa'idarmu ba ta karye ba. Abin da ke taruwa a nan shi ne bolt. Jajaye uku suna cin 2 + 2 + 2 = 6; 9 − 6 = 3; 3000 ÷ 15 = 200, sai a ɗauki 220.

1. Rezistans 220 daga jan layi zuwa a5.
2. Ƙwai na farko: doguwar ƙafa a b5, gajeruwa a b7.
3. Na biyu: doguwa a d7, gajeruwa a d9.
4. Na uku: doguwa a b9, gajeruwa a b11.
5. Waya daga a11 zuwa shuɗin layi.

Ƙwayaye ukun suna haske, amma pil yana ba da miliamper 14 kacal maimakon 45. Sai dai jerin gwano yana da iyaka. Jajaye biyar suna neman bolt 10, pil mai 9 ba zai kunna su ba. Huɗu suna cin 8, su bar wa rezistans bolt 1 tak, da pil ya ɗan yi sanyi haske ya dushe. Ku bar wa rezistans aƙalla bolt 2. Kuma idan ƙwai ɗaya ya mutu, ko aka juya shi baibai, duk jerin zai mutu.

Haɗa hanyoyin biyu: fitilar karatu mai bolt 12

Inda akwai faifan hasken rana, wato panno, da batir mai bolt 12, ana haɗa dabarun biyu. Fararen ƙwayaye uku a jerin gwano suna cin bolt 9,6. Amma ku sani, batirin da ake kira mai bolt 12 yana nuna wajen 12,6 idan ya cika, kuma yana kai 14,4 lokacin da panno ke masa caji. Da lamba mafi girma ake lissafi: 14,4 − 9,6 = 4,8; 4800 ÷ 18 = 267, sai a ɗauki 270. Da wannan rezistans, jerin zai ja miliamper 18 da rana lokacin caji, da kuma wajen 11 da dare. Duka biyun suna ƙarƙashin iyaka.

Ku yi irin wannan jeri sau huɗu, kowanne da rezistans 270 nasa, ku haɗa su a matsayin rassa tsakanin jan layi da shuɗi. Kun sami ƙwayaye 12 masu cin wajen miliamper 45 da dare, wato kaɗan ya ɗara rabin wat. Ƙaramin batir mai amper 7 na awa zai riƙe su fiye da awa 70 kafin ya sauka zuwa rabi, kuma bai kamata a bar batirin dalma ya wuce rabi ba. Wannan haske ba zai cika aji ba, amma ya ishi mutum biyu ko uku karatu a kan tabarma ɗaya. Igiyoyin LED masu bolt 12 da ake sayarwa a naɗe ma haka aka tsara yawancinsu: ƙwai uku da rezistans a kowane yanki, shi ya sa ake yanka su uku-uku.

Allon gwaji na gwaji ne kawai. Ƙurar hunturu tana shiga ramukansa, ƙarafan ciki suna saki. Idan haɗin ya tabbata, ku kai wa mai gyara ya liƙe shi da dalma a kan faranti na dindindin.

Idan ƙwai ya ƙi kamawa

Ku cire pil, ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

- An juya ƙwan baibai? Wannan ne ya fi yawa. Ku juya shi.
- Ƙafafunsa biyu suna layi ɗaya? Wuta za ta bi ƙarfen allo ta tsallake shi.
- Ƙafar rezistans da doguwar ƙafar ƙwan suna layi ɗaya kuwa, ko an kauce da rami guda?
- Layin gefe ya yanke a tsakiya?
- Haske ya yi rauni ƙwarai? Ku duba zobe na uku. Idan ja ne maimakon ruwan ƙasa, 4700 kuka sa ba 470 ba.
- Pil ya mutu? Ku auna shi, ko ku gwada wani.

Mai mita zai iya sanin kwarara ba tare da kwance kome ba. Ya auna bolt tsakanin ƙafafun rezistans biyu, ya ninka sau 1000, ya raba da om ɗinsa. Idan amsar ta wuce 20, a sa babban rezistans.

Kiyaye lafiya

Rigakafi ya fi magani. Kada ku kusantar da allon gwaji ga wutar gida ta NIGELEC, bolt 220 ce, tana kisa. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan wayoyinsa biyu suka taɓa juna suna iya narkewa su tayar da gobara, don haka ku sa fiyus mai amper 1 a jar waya, dab da batirin. Kada ku ƙura wa farin LED ido daga kusa. Ku nisantar da ƙwayaye da ƙananan pil daga yara, haɗiye pil mai kama da kwabo babban hatsari ne, wanda ya haɗiye a garzaya da shi asibiti. Matattun pil kuma ba a jefa su a wuta, ko kusa da rijiya.

Shawara ga malamai

Wannan aiki darasin lissafi ne da ake gani da ido. Ɗebewa, da ninkawa, da rabawa duk suna ciki, kuma ƙwan da kansa ke shaida ko amsa ta yi daidai. Ku raba masu koyo uku-uku: ɗaya ya yi lissafi a kaye, ɗaya ya zaɓo rezistans ta launi, ɗaya ya soka, sannan su yi musaya. Kada kowa ya maƙala pil sai ƙungiyar ta zana haɗin a kan allo, ta ƙirga hanyoyin da wuta za ta bi, ta kuma ƙirga rezistans. Idan lambobin biyu sun zo daidai, a kunna. Idan hanyoyi sun fi rezistans yawa, a koma a gyara.